Sunan Gidan da Sunaina Ta Goge

Sunaina na tsaye cikin cunkoson bas, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, wayarta ta yi ƙara. Wani ya yi magana a ƙarƙashin sabon hotonta na shafin masu neman aiki. Tana dubawa ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Babanta ne.

Ga shi nan a ɗan hoton gefe, zaune bakin titi tsakanin tsofaffin takalma, da basilla a hannu. Ga cikakken sunansa, Harilal Jatav. Wani maƙwabci mai shisshigi ne ya buɗe masa shafin. Baban ya rubuta: "'Yata ce wannan. Duk zuriyarmu ita ta fara gama jami'a. Don Allah ku ɗauke ta."

A garinmu Kanpur, nan ƙasar Indiya, ba sai an tambayi mutum asalinsa ba, sunan gidansu ya isa. Duk wanda ya ji Jatav ya san 'yan jima da ɗinkin takalmi ne, kuma manyan ofisoshin nan da ke rantsuwa ba ruwansu da asali, hancinsu ya fi na kowa jin warin fata. Sunaina ta gaji da neman aiki da sunanta na gaskiya, ko "mun gani" ba ta taɓa samu ba. Sai ta goge Jatav ta sa Kumari, sunan da ba ya tona kowa. Ta ari kwat, ta ɗauki hoto gaban wani bene mai gilasai da ko ƙofarsa ba ta taɓa shiga ba. Ba a jima ba wani kamfani ya kira ta ganawa. Jibi ne, kuma matar da za ta gana da ita tana bin shafin.

Kafin bas ta tsaya ta goge maganar. Ta san halinsa, zai sake rubutawa, don haka ta toshe shi gaba ɗaya. Kunya ta kama ta, ba ta ma san ko ta sana'arsa ce ko ta abin da ta yi ba.

* * *

Da yamma suka zauna cin abinci. Harilal ya goge hannu ya miƙo mata wayarsa, ya ce tsohuwar banzar nan ta lalace. Tun azahar yake neman hotonta ya nuna wa wani lauya da ya kawo gyara, ya ɓace. Har mai shayi yana yi masa tsiya, wai 'yarsa ta zama babbar mace ta gudu ta bar shi.

"Duba min, uwata, ke ce mai boko."

Ta karɓa, ta yi ta danne-dannen ƙarya, kanta a ƙasa.

"Ba za ta gyaru yau ba, Baba. Sai bayan jibi."

Ya daɗe yana kallonta. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana duban ƙafafun mutane ba ya rasa gane wanda ke neman hanyar gudu.

"To, idan sun ɗauke ki fa? Za ta gyaru?"

Sunaina ta buɗe baki. Ta tuna abokan aikin ma shafin za su riƙa bi, ta rufe.

Harilal bai sake tambaya ba. Ya karɓi wayar ya kife ta a kan tabarma, ya zaɓi gurasar da ta fi laushi ya tura gabanta, ya ce ta ci tun da zafinta.