Ruwan Da Ba a Sirka Ba

Shekara uku ke nan Baba bai kira Auta da bakinsa ba. In yana nemanta, cokali yake bugawa a jikin kofi, ita kuma ta ɗage ƙafa daga keken ɗinki ta taso. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kashe masa hannun dama da ƙafar dama, ya karkata masa baki, har maganarsa ta koma wani gurnani da babu mai ganewa sai ita. Amma ikon Allah, kalma ɗaya ta tsira lafiya lau. "Injiniya." Wannan kam tas take fita, ko daga bakin ƙofa ka ji ta.

Injiniya yayanta ne, dattijo a coci, mai mota, mai murya irin ta masu jawabi. Auta kuwa tela ce. Da Mama ta rasu Baba ya kwanta, sai ta rufe shagonta ta jawo keken zuwa falon gidan, kusa da taga. Ita ke juya shi, ita ke kwashe fo, ita ke yanke masa farce, ita ke bin tsakanin yatsunsa da mai. Shekararta arba'in da ɗaya, har yanzu Auta ake ce mata, kuma ta daina jin haushin wannan. Abin da ke cin ranta ƙarami ne, har kunyar kai shi gaban Allah take ji. So take Baba ya dube ta sau ɗaya, ya kira sunanta.

Da can ba haka gidan yake ba. Kowace Alhamis ta Mako Mai Tsarki, Baba yakan tara su a falo, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa ya wanke ƙafar kowa yadda Yesu ya yi wa almajiransa. Daga ƙarami yake farawa, don haka Auta ce ta farko. Takan yi ta dariya saboda cakulkuli, shi kuma ya riƙe diddigenta ya ce, "Tsaya mana, Auta, ibada muke yi." Tun da ya kwanta Injiniya ya gaji aikin, sai dai ya rage masa tsawo. Ƙafar Baba kaɗai yake wankewa, sau ɗaya a shekara, matarsa na ɗauka a waya.

Wannan Alhamis ɗin sun iso da yamma, rana ba ta faɗi ba. Auta ta riga ta juye tafasasshen ruwan wankan Baba a roba, ta fita famfo ɗebo na sanyi don ta sirka. Da ta dawo da bokiti, ta tarar an jawo robar gaban kujerar Baba. Injiniya ya tuɓe kwat, ya ɗaura sabon tawul wanda ko takardar kanti ba a cire masa ba.

"A'a, Auta, sannu da ƙoƙari," in ji shi. "Har kin shirya mana ruwa? Allah ya saka."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai matarsa ta ɗago hannu ba tare da ta ɗauke ido daga wayar ba.

"Ɗan matsa gefe, Auta, kina fitowa a hoton. Ga bokitin nan ma."

Ta matsa. Ta tsaya jikin bango da bokitinta, ruwa yana ɗiga mata a ƙafa.

Likita ya gargaɗe ta tun farko: ƙafar daman nan ba ta ji, ko wuta aka sa mata ba zai sani ba, ga shi kuma da ciwon suga. Shi ya sa ba ta taɓa kai ruwa jikinsa ba sai ta tsoma gwiwar hannunta. Ta sha gaya wa Injiniya. Yakan ce "to, to," idonsa a kan agogo.

Ya kama ƙafar daman ta ƙwauri, don ita ce ta ɓangaren haske, ya sauke ta cikin robar a hankali. Baba bai motsa ba. Tururi siriri yana tashi, ana ganinsa sarai a hasken taga.

Auta ta gani. Babu amfanin a yi mata ƙarya, ita ma ba ta yi wa kanta ba. Abin da ta ce a ranta shi ne, bari ya sa hannu ya ji da kansa. Ai mai wanke ƙafa dole hannunsa ya shiga ruwa. Yanzu zai tsoma, ya zabura, kunya ta kama shi a gaban matarsa da wayarta, ya san akwai abin da ake sani a gidan nan wanda ba a koya a taron dattawa. Daƙiƙa ɗaya kawai take so.

Injiniya bai sa hannu ba. Littafi Mai Tsarki ya ɗauka.

Ya karanta labarin daren da Ubangiji ya tashi daga cin abinci ya ɗauki tawul, bai tsallake aya ko ɗaya ba. Ya rufe littafin ya ɗan yi bayani a kan tawali'u, yadda babba zai zama bawan kowa. Sannan ya ce a rufe ido. Auta ta san tsawon addu'ar yayanta. Ya fara da marasa lafiya, ya bi ta kan gwauraye da marayu, ya ratsa shugabannin ikilisiya, ya dawo kan masu hidima a ɓoye waɗanda Allah kaɗai ke gani. Kowane "amin" da ta ce, maganar na ƙara yi mata nauyi, don in ta faɗa yanzu za a tambaye ta me ya hana ta faɗa ɗazu. Hannun bokitin ya shata mata layi a tafi. Idonta a buɗe yake, a kan tururin.

Da ya gama ya ciro ƙafar, ya ɗan dangwala mata tawul, ya miƙa hannu zai kama ta hagu, mai rai.

"Yaya, tsaya," in ji Auta. "Bari in sirka."

Ta durƙusa ta tuttule rabin bokitin a robar.

"Au, da zafi ne?"

"Kaɗan."

"Ai gara, sanyi ba ya yi wa tsofaffi kyau."

Aka wanke ta hagu. Baba ya yi magana mai tsawo, hawaye na bin gefen bakinsa da ya karkace. Injiniya ya juyo kamar kullum. "Me ya ce?"

"Ya ce Allah ya yi maka albarka. Ya ce kai ɗa ne."

Haka ya ce ɗin kuwa, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Da bakinta take kai wa yayanta albarkar kowace shekara.

Washegari, Jumma'ar da aka gicciye Ubangiji, ta yaye bargo da safe ta ga abin da ta san za ta gani. Ƙafar ta kumbura har idon sawu, fatar saman yatsu ta ɗuri ruwa, wani wurin ya riga ya saɓule. Ta wanke a hankali, ta naɗe da tsabtataccen ƙyalle daga yankakkun yadinta. Ta tuna likita ya ce irin wannan ƙafar in ta yi ciwo ba lallai ta warke ba, wani lokaci sai an yanke.

Ta ɗauko Littafi Mai Tsarki don ta karanta masa karatun ranar kamar yadda ta saba. Ta kai inda ake maganar waɗanda suka tsaya daga nesa suna kallo, sai ta rufe. Ta gwada addu'a. "Ya Uba" kawai ta iya cewa, sauran ya ƙi fitowa. Shekara uku tana ganin ita ce aka zalunta a gidan nan, kuma an zalunce ta ɗin, wannan bai canja ba. Abin da ya fi ɗaci shi ne yanzu ba ta da bakin faɗa.

Wajen sha ɗaya ta ji hon a waje. Injiniya ne ya biyo kan hanyarsa ta zuwa sujada, cikin baƙar kwat, yana ƙamshin turare. Ta miƙe tana shirya yadda za ta ce masa asibiti za su, ba coci ba.

"Baba, mun kwana lafiya? Hoton jiya ya yi kyau, mutane sai magana suke."

Baba bai dube shi ba. Cokalin na hannunsa na hagu, kofin na kusa, amma bai buga ba. Ya juyo da kansa da ƙyar har idonsa ya sauka a kan 'yarsa, ya tsaya a nan, bai kauce ba.

"Auta," ya ce. Sunan ya fita tas. Sauran ya biyo cikin gurnanin da ita kaɗai ke ganewa. "Idona biyu jiya. Kin ga tururin."

Ta dafa kan keken ɗinkin.

"Me Baba ya ce?" in ji Injiniya.

"Sunana ya kira."

"Kin gani ko?" Ya yi dariya yana gyara wuyan kwat. "Ai dama ke ce 'yar gatan Baba."