Hancin Ɗakin Inna

Da aka ƙara wa Yaya girma a wurin aiki, abin da ya fara ganowa shi ne gidanmu ya tsufa. Shekara arba'in yana kwana a ciki bai lura ba, sai da aka ba shi kujera mai juyawa.

Wata uku ke nan da dawowata gida da zama. Ɗakina yana jikin na Inna, don haka komai a kan idona aka yi.

Magini ne ya fara zuwa. Ya ɗaga kai ya ga ramuka huɗu da marigayi Baba ya bari a saman bangon kowane ɗaki, waɗanda Inna take kira hancin ɗaki.

"Ranka ya daɗe, waɗannan fa?"

"Toshe su," in ji Yaya. "Ƙauyanci ne."

Na ce, "Ta nan iska take fita."

"Esi zan saka, ya sanyaya ɗakin. Wa yake neman iskar waje yanzu?"

Magini ya yi dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da ake yi wa mai ba da aiki. Kafin yamma ya cika ramukan da siminti. Aka cire tagogin katako aka kafa na gilashi masu firam ɗin ƙarfe. Aka shimfiɗa kafet bango zuwa bango, aka manne shi da gam.

Sai mai fenti, wanda ya ce a riƙa kiran sa Injiniya. Na kai shi ɗakin Inna na nuna masa bangon da ke jingine da banɗaki. Funfuna ta yi baƙi daga ƙasa har ƙugun mutum.

"Bangon nan jiƙe yake," na ce. "Bututu ne ke yoyo a ciki. A gyara, a kankare, a bari ya bushe tukuna."

"Anti, shekarata ashirin ina riƙe da buroshi. Fenti mai mai ba abin da ba ya rufewa. Shafa biyu, ko kabari ne sai kin yi sha'awar shiga."

Ya shafa biyu. Ya bi firam ɗin tagogi ma ya shafe, suna rufe. Da zai tafi ya kafa doka: kada a buɗe taga har kwana uku, in ƙura ta hau aikinsa ba ruwansa.

Inna ta daɗe da asma, amma ciwon ya san iyakarsa. Abin shaƙarta yakan yi wata biyu a durowa ba ta neme shi ba. A kwana na uku na ga ta shaƙa sau huɗu kafin rana ta raba. In ta yi magana sai ta tsaya a tsakiya, kamar mai hawan tudu da kaya.

"Inna, ki tashi mu tafi gidan Gwaggo na sati biyu."

"In bar ɗakin da ɗana ya gyara mini? A ce me?"

"A ce ba kya iya numfashi."

"Ke dai bakinki ba linzami."

A rana ta huɗu na nufi tagarta. Yaya yana ɗaura takalmi a falo, ya hango ni ta ƙofa.

"Kada ki taɓa."

"Kwana ukun sun cika."

"Ranar Asabar Manajan ofishinmu zai zo da matarsa."

"To?"

"In kin buɗe, ƙamshin zai fita. Ya shigo ya ji me? Ta yaya zai san sabo ne?"

Na tsaya ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Matar Yaya tana zaune a kan sabuwar kujera, ta ɗaure goshi da ƙyalle saboda ciwon kai, ta ce, "Ni wallahi daɗi yake mini. Kamar mutum yana otal." 'Ya'yanta biyu suna gefe, ido ja, hanci yana zuba. Ta ce mura ce take yawo a makaranta. An yi sati biyu da ba da hutu.

Yana fita na koma na kama tagar. Ko motsi. Na gwada ta ɗakina, na gwada ta falo. Fentin Injiniya ya bushe a bakin firam ya haɗe su, tagogin gidan duka sun zama bango. Da Yaya ya dawo na faɗa masa.

"Ya yi daidai," ya ce. "Ko ɓarawo ya huta. Bayan Asabar a duba."

Abin da na iya shi ne in fitar da Inna tsakar gida da rana, in bar ƙofarta a buɗe da fanka. Matar Yaya tana bi tana rufewa, wai ƙudaje za su ɓata silin.

Ranar Asabar Yaya ya ce Inna ta zauna a ɗakinta, can baƙi za su gaishe ta, su ga sabon gadon da ya saya mata. Inna ta saka kayanta masu kyau ta shiga. Matarsa ta biyo da gwangwanin turaren fesawa, ta juye rabinsa a kan labule, ta ja ƙofa. Na buɗe. Ta rufe. Muna cikin haka aka ji ƙarar mota.

Manaja gajere ne mai ƙaton agogo. Yana sa ƙafa a falo ya yi atishawa. Yaya ya washe baki. Aka zagaya da shi, ana nuna masa silin da fitilu kamar bai taɓa shiga ɗaki ba, har aka zo na Inna.

Tana zaune a bakin gado, ta dafa gwiwoyi da hannu biyu, kafaɗunta suna hawa suna sauka. Ƙirjinta yana kuka kamar usur. Ta buɗe baki ta amsa gaisuwa, kalmar ba ta fito ba. Manaja bai lura ba, yana fama da nasa idon.

Ya sake atishawa, ya sake. Ya ciro hankici. "Kai, malam, gas ne yake yoyo a gidan nan?"

"Sabon fenti ne, yallaɓai."

"To a buɗe taga mana! Za ku kashe mutum."

Kansa yake nufi.

Yaya ya daka tsalle ya kama tagar. Ya ja, ya tura, ya sa kafaɗa. Gumi ya jiƙa masa sabuwar riga. Na je bayan ƙofar kicin na ɗauko gudumar da magini ya manta, na miƙa masa. Bai ko kalle ni ba. Duka ɗaya, gilashin ya zube a kan kafet.

Kwana tara ƙirjin uwarsa yana roƙon iska. Manaja atishawa uku ya yi.

A lokacin Inna ta sulale gefe. Na danna mata abin shaƙa, ba komai a ciki. A motar Manaja muka kai ta asibiti, matarsa tana riƙe da kan Inna, shi kuma ya sauke gilasai duka huɗu.

Kwana biyu ta yi da robar iska a fuska. Likita ya tambayi ko an canza wani abu a gida. Yaya ya gyara tsayuwa ya fara lissafo masa: kafet, silin, fenti mai mai shafa biyu. Likitan ya bari har ya gama, sannan ya ce kada a mayar da ita ɗakin sai an cire kafet, an kankare bangon, an gyara bututu, an buɗe duk abin da aka toshe.

"Duka aikin?" in ji Yaya.

"Ko ka canza uwa," in ji likita, ya ci gaba da rubutu.

A bayan gidanmu akwai sito, inda aka jibge tsofaffin tagogi da kujerun da Yaya ya ce sun ba shi kunya. Shi kaɗai gyara bai taɓa ba. Bangonsa siminti tsirara, ramukan Baba huɗu suna nan a sama. Na kwashe tarkacen, na wanke ƙasa, na sa tsohon gadonta. Nan na sauke ta daga asibiti. Ta yi barcin rana har da minshari, abin shaƙar ya koma durowa.

Bayan kwana biyu Yaya ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Inna, mutane za su ce na ajiye uwata a sito."

"Su ce."

"To bari in kira Injiniya ya ɗan shafa masa ko fari ne. Shafa ɗaya kawai."

Inna ta ɗaga kai ta dubi ramukan, ta ja numfashi har ƙasa, ta sake shi a hankali. Ta dube ni.

"Ina gudumar nan?"

"Tana ƙarƙashin gadonki."

"Bar ta a nan."