Ƙofar da Ta Zagi Inna

Sufyanu Ladan dillalin busasshen kifi ne a kasuwar Yawuri, kuma tun da ya gama ginin gidansa babu wanda ya huta da labarin. Daga Kaduna ya yo odar kayan lantarki masu aiki da waya, kwali uku. Ya ƙi kiran mai haɗawa, ya ce wanda ya iya loda tirela ba zai gaza ɗaura ƙwan lantarki ba. Kwana tara yana kallon bidiyo a waya yana hawa tsani. A kwana na goma fitilu suka fara bin umarninsa, fanka na juyawa in ya taɓa waya, famfon rijiya na tashi da kansa, wani lokaci ma ba a tambaye shi ba. Matarsa Hansatu ta ce ita dai a bar mata makunnin madafa yadda ta san shi.

Duk wannan hidima don mahaifiyarsa Inna ce. Tun rasuwar mahaifinsu take zaune ita kaɗai a Warra, kuma ta ce bana za ta zaɓi inda za ta ƙarasa kwanakinta, ko wurinsa ko wurin ƙanwarsa Ramatu a Shanga. A ce uwa ta tsallake ɗanta namiji, babba, mai gidan siminti, ta tafi gidan suruki? Sufyanu ya san 'yan kasuwa za su shekara suna shan shayi da wannan zance.

Ranar Laraba da hantsi mota ta sauke Inna da ƙullin kayanta. Maƙwabta sun riga sun cika ƙofar gida, don shi da kansa ya gayyato su. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya nuna mata makullin ƙofar, baƙi mai sheƙi, wanda ba ya son mabuɗi sai yatsa. Ya kama babban yatsanta ya ɗora sau uku don na'urar ta san ta. Wayar ta rubuto wani dogon Turanci. Idanun mutane na kansa, sai ya danna ya wuce, ya ce an gama. Ya sa Hansatu ta fito, ya ja ƙofar ta rufe ƙaras.

"Bisimilla, Inna. Gidanki ne, ke za ki buɗe."

Inna ta ɗora yatsa. Jar fitila. Ya ce ta goge da zane. Ja. Ya ce ta ɗan danna da ƙarfi. Abin da Sufyanu bai lissafa ba shi ne shekara hamsin da matar nan ta yi tana kankare kifi a bakin ruwa tana juya shi a kan wutar banda. Zanen yatsunta ya daɗe da shafewa, sumul suke kamar bayan tarwaɗa.

A karo na biyar jiniya ta ɗauka. Sai lasifikar da ke saman ƙofa ta buɗe baki, kuma ba Baturiya ce ta yi magana ba. Makon jiya Sufyanu ya cire muryar da ta zo da na'urar, a cewarsa ɓarayin yankin ba su yi boko ba, ya naɗi tasa, da Hausa, da zuciya ɗaya.

"Na gan ka, tsinanne. Wanda bai gaji arziki ba. Bar ƙofar nan tun ban fito ba."

Lasifikar ta numfasa ta sake daga farko.

Sufyanu ya ɗora nasa yatsan. Makullin ya ƙi, don in an yi kuskure biyar ba ya sauraron kowa sai bayan rabin awa. Ya buɗe manhajar, tana ta juyawa. Ya kashe wayar ya kunna, ya ɗaga ta sama yana neman sabis kamar mai roƙon ruwa. Hansatu ta tambaye shi mabuɗin ko-ta-kwana, ya ce yana nan a ajiye, a aljihun rigarsa, a ɗaka. Batirin ma ta ciki ake cire shi. Ya kira mai shagon Kaduna, wanda ya saurara da haƙuri sannan ya ba shi shawarar ya shiga ciki ya danna wani ɗan maɓalli.

Zuwa lokacin an tsine wa Inna sau goma sha ɗaya. Ta janye zuwa gindin dogon yaro ta zauna a kan ƙullinta, tana jan carbi. Wani dattijo ya ce ai na'ura ce, ba ta da hankali. Ba ta dube shi ba.

Sufyanu ya fizgi gatarin wani mai faskare. Ya fara da lasifikar, ta mutu a tsakiyar "tsinanne". Sannan ya juya kan ƙofar, ƙofar da ya yi wata biyu yana yi wa mutane bayanin kaurinta. Ba ta ba shi kunya ba, sai da tafin hannunsa ya fashe kafin ta faɗi ciki.

Inna ta bari ya gama sarai. Ta miƙe, ta taka ƙofar ta shiga, ta karɓi ruwa a hannun Hansatu ta sha, ta yi wa gida addu'ar albarka ɗaki-ɗaki. Zuciyar Sufyanu ta fara kwanciya. Sai ta fito ta ce a nemo mata motar Shanga.

Ya durƙusa a gaban jama'a yana rantsuwa cewa da ɓarayi yake.

"Na sani, ɗana," in ji ta. "Amma ban taɓa sanin kana da wannan bakin ba sai yau. Bari in tahi in huta da jin shi."

Hansatu ce ta ɗaukar mata ƙullin zuwa bakin titi.