Sunan da Na Raɗa wa Intanet Ɗina

A benenmu na unguwar Kasarani a Nairobi, mai mabuɗin rufi shi ne sarki, mabuɗin kuwa yana wuyan Baba Barasa mai kula da gidan. Duk wayar intanet ta rufin take saukowa, shi kuma kamfani ɗaya ya yarje wa ya hau, na surukinsa. Intanet ne irin wanda da zarar mutum uku sun kunna kallo sai ya kwanta kamar akuyar da ta ci leda.

Ni sana'ata gyaran bidiyon biki. Atieno mai ɗaukar hoto ke ba ni aiki, in gyara in tura. Ranar da bidiyon wata amarya ya wuni bai tafi ba, ta kira ni.

"Kerubo, ina son ki, amma in aka sake haka zan nemi wata."

Sai na bi kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar saurin turawa, don kowa saurin saukewa yake talla. Na zaɓi ɗaya. Da Barasa ya tafi coci, ma'aikatansu suka jawo min waya ta taga. Kafin sati ya zagayo na tarar da ita a yanke, yankan almakashi, ga bidiyo rabi a hanya.

"Ɓeraye ne, 'yata," in ji Barasa, yana tauna gasasshiyar masara.

"Ɓerayen nan da tsani suke yawo, Baba?"

"Na Nairobi ai sun waye."

Atieno ta ba wata aikin bikin da ya biyo baya. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Da na share hawaye na ƙudura sai mutumin nan ya ɗanɗana.

Na koma wa kamfanin, suka kafa min ɗan faranti a barandata, hawa na biyar, ba waya ko ɗaya a waje. Mai haɗawar ya tambaye ni sunan da za a sa wa layin Wi-Fi ɗin. Na ce ya rubuta: BARASA NE YA YANKE MIN WAYA.

Duk wanda ya buɗe wayarsa a gidan, sunan ne a sama, don layina ya fi ƙarfi. Mai son lambar sirri kuma nakan ba shi kyauta, in dai ba lokacin aikina ba ne. Mata suna shanya suna karantawa da ƙarfi. Maƙwabta suka fara sallamar surukin.

Barasa ya hawo har ƙofata yana haki.

"Haba 'yata, ni fa sa'an babanki ne. Canza sunan nan."

"Ɓeraye ne suka rubuta, Baba."

Ran Asabar mai gidan, Mama Nyokabi, ta zo duba famfon da ya fashe. Ta tsaya a tsakar gida tana neman intanet a wayarta, ni kuwa ina baranda da shayina. Na ga ta gyara tabarau, ta sake karantawa. Ta kira Barasa, ta tambayi matan da ke wanki, su kuma kamar jira suke.

Ba ta ɗaga murya ba. Hannu kawai ta miƙa, ya ciro igiyar mabuɗin daga wuyansa. Ta ɗaga kai ta tambaya wace ce Kerubo.

Mabuɗin yana rataye a ƙusa bayan ƙofata yanzu, Atieno ma ta dawo da aiki. Jiya Barasa ya ƙwanƙwasa, wai yana so ya hau ya duba tankin ruwa. Na ce ya jira, ina tura bidiyo. Sunan kuwa ban canza ba.