Makarar Kailu

Da wani ya ce wa Lukumanu a 1993 wata rana sai an nuna kati kafin a shiga taron ƙungiyarsu, da ya ce masa ya je a duba kansa. Su bakwai suka kafa ta a kan benci, bayan shagon shinkafarsa da ke unguwar Roxy a Adjamé. Wani baƙo ne ya mutu a tasha, aka rasa abin ɗaukarsa, sai da aka ciro ƙofar shago aka ɗauke shi a kai. Abin ya ƙona musu rai. Kailu, mai walda ɗan Nijar da ke unguwar Arras a Treichville, ya ce a bar masa. Cikin kwana uku ya haɗa makarar ƙarfe, ya buga sunansa da ajami a ƙarƙashin hannunta na dama. Da ita suka binne baƙin da ba su da kowa.

Daga nan abu ya yi ta gaba. Aka ƙara da dubiya a asibiti, aka ƙara da ba da jini. Reshe ya buɗe a Treichville, sai Bouaké, sai Kumasi, Lome, Kwatano, har Yamai. Ƙungiya ta koma Kulob Zumunta, kowane reshe da shugabansa, kowane shugaba da ƙyallensa a kafaɗa. Lukumanu, mutumin da ya iya wankan gawa, aka mayar da shi sakatare, mai rubuta wanda ya yi magana da wanda ya katse shi. Kailu kuwa tun da aka fara taro da Faransanci ya ɗauke ƙafa. Amma in aka yi rasuwa, shi ne farkon zuwa.

A 2008 aka shirya bikin cika shekara goma sha biyar a wani babban ɗakin taro a Treichville. Kwamiti ya zauna ya yi tunaninsa mai zurfi, ya ce a kawo makarar a nuna wa wakilai tarihi. Aka shafe ta da fenti kore da fari, aka ɗaura mata ƙyallaye kamar motar amarya, aka ɗora ta a kan dandamali. Lukumanu ya ce makara ba kayan ado ba ce. Aka kaɗa ƙuri'a, ya sha kaye, kuma shi ya rubuta kayen da hannunsa.

Ranar bikin, ana tsakiyar jawabi na huɗu, wayarsa ta yi ƙara. Murja ce, matar Kailu. Kailu ya cika da hantsi.

Ya tari woro-woro, tasin haɗaka, zuwa Arras. Ya tarar an yi wanka, an aro makarar masallaci, liman ya sa salla bayan azahar. Murja ta fito zaure, idonta a bushe.

"Malam Lukumanu, a mayar musu da tasu. Ya ce a tasa za a ɗauke shi. Sau uku ya faɗa mini."

Ya koma ɗakin taro da gudu, da shekarunsa da tumbinsa. Mai gadi ya ce sai ya nuna kati. Ya nuna. Ya lallaɓa ya raɗa wa Alhaji Abduljalil, shugaban rassa duka, abin da ya faru.

"Inna lillahi. Yako, mon frère," in ji Alhaji, yana masa ta'aziyya irin ta mutanen garin. "Amma ka san da ƙarfe huɗu za a yi hoto da ita. Mutanen Yamai kwana biyu suka yi a mota."

"Alhaji, gawa ce ke jira."

"Na ji. To shi Kailun ma ɗan wane reshe ne? A Arras yake zaune, a Adjamé yake rubuce. Sai shugabannin biyu sun zauna."

Takaici ya turnuƙe Lukumanu. Shekara goma sha biyar, ƙasa biyar, a ce an rasa wanda zai ba mamaci makara! Ya hau dandamali, ya wuce mai jawabi, ya kama hannun makarar ya ja. Ƙarfen Kailu ba na mutum ɗaya ba ne, ko motsi ba ta yi ba. Ana ta kallonsa yana nishi.

"Wanda ya ƙera ta ya mutu!" ya ce. "Ko kuwa shi ma sai an kaɗa ƙuri'a?"

Wani dattijo daga Kumasi ya cire ƙyallensa ya taso. Biyu daga Lome suka biyo shi. Suka fita da ita a kafaɗa, suka bi titi a ƙafa har Arras, ƙyallaye na kaɗawa, masu shaguna na tambaya ko bikin wa ake. Rabin ɗakin ya biyo baya, har da Alhaji, yana ta share gumi.

An kira azahar lokacin da suka ajiye ta a zaure. Murja ta dube ta, kore da fari, tana ƙyalli. Ta sunkuya ta shafa ƙarƙashin hannun dama. Fenti har shafi uku, sumul, ba alamar sunansa.

"Wannan ba tasa ba ce," ta ce.

Ba wanda ya iya ɗaga kai. Lukumanu ya durƙusa, ya zaro makullin shagonsa, ya fara kankarewa. Liman na jira, jama'a na jira, shi yana kankara, hawaye na ɗiga a kan fentin. Can harafin farko ya fito, sai na biyu.

Murja ta ɗora yatsa a kai. Sai a lokacin ta fashe da kuka.

"Ku shigo ku ɗauke shi," ta ce.