Salansar Mai Tari

Wani mafarki na yi daren jiya, da motata ya fara, da ita kuma ya ƙare. Ba abin mamaki ba ne, don da zancenta na kwanta.

Sunanta Mai Tari. Ta mahaifina ce, da ita ya yi haya tsakanin Malumfashi da Funtuwa har Allah ya yi masa rasuwa, ni kuma na gaje ta da duk halayenta. Salansarta ta fashe tun ina firamare, ba wanda ya gyara. In ta taso sai ta yi tari, ta yi kaki, sannan ta saki wata ƙara da ke sa kajin unguwa neman mafaka. Duk Juma'a da ita nake zuwa Unguwar Tofa gaida Inna, mahaifiyata, wadda idanunta suka daina gani shekarun baya. Tun daga kwalbatin bakin gari take jin zuwanmu. Kafin in shiga gida ta dama fura, ta zauna ɗas a kan tabarma, ɗankwali a ɗaure, kwalli a ido, tana jirana da tsiya.

Juma'ar da ta wuce Mai Tari ta mutu mini a hanya. Ban isa ba. Furar ta kwana a ƙwarya ba a dama ba. Hansai matata ta ce motar da ba za ta kai mutum wurin uwarsa ba ai ba mota ba ce, akurkin kaji ne mai taya. Ilu bakanike ya ce sai an sauke inji. Ɗanjummai dillali kuma ya ce zai zo da sassafe ya ja ta, ya kawo mini wata 'yar yayi in yi ciko. Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba. Na kwanta.

Sai na gan ni a wani gari da rana tsaka, goye da Mai Tari. An ɗaure mini ita da majanyi, tayoyinta na gaba a kan kafaɗuna. Ba ta yi nauyin da na zata ba, sai dai tana ɗiga mini baƙin mai a riga. Kowa a garin haka yake tafiya, mota a baya, mai ita a ƙasa. Ruwa yana tsatsafowa daga titi yana hawa sama, mata sun kifa bokitai a kan sanduna suna tara. Wani dattijo ya zo wucewa da tirela a goye, muka gaisa.

"Ya mai jikin?" ya ce.

"Da sauƙi, baba."

"Tawa haƙori take yi," ya ce, ya jijjiga ta, ya wuce.

Ban san wanda ya nuna mini hanya ba, na dai tsinci kaina a ofishin da ake yanke wa tsofaffin motoci hukunci. Wani bunsuru ne a bayan tebur, da tabarau da hula, yana taunar wata baƙar roba. Da na duba sosai sai na ga robar waifata ce, mai share gilashin Mai Tari.

"Gyara ko canji?" ya ce, bai ko ɗago ba.

"Ranka ya daɗe, ina cikin tunani ne."

"Nan ba a tunani. Tunani a ofishin tumaki ake yi, kuma sun tafi kiwo." Ya haɗiye robar. "Kana da lokaci zuwa la'asar. In la'asar ta yi ba ka zaɓa ba, ma'aikata za su cinye ta. Ka ga ai mun fara."

Na leƙa taga. Awaki ne reras a kan benci, kowace da cokalinta. Raina ya ɓaci. Na gyara goyona, na ce masa kafin la'asar zai ji daga gare ni, kuma waifar nan ban yafe ba.

Daga nan sai asibiti. Motoci kwance a kan gadaje, ana yi musu ƙarin baƙin mai. Wata bas tana nishi, masu ita sun kewaye ta da kwanukan abinci. Likitan Ilu ne, da farar riga a kan kayansa na gareji. Ya ɗora sifana a ƙirjin Mai Tari, ya kara kunne a ɗaya bakin.

"Malam Tanimu, zuciyar ce ta gaji," ya ce. "Sai an sa wata. Amma in na gama da ita, kai kanka ba za ka gane ta ba. Har salansar zan liƙe maka kyauta. Ba tari, ba kaki. Shiru za ta yi kamar amarya."

Na ji Mai Tari ta ƙanƙame ni. Jikinta ya ɗauki rawa har cikin ƙashin bayana.

"Za ta riƙa kai ni Unguwar Tofa?"

"In Allah ya yarda."

"Ba Allah na tambaya ba, Ilu. Kai na tambaya."

Ya sosa ƙeya da sifanar, ya ce ana kiransa a ɗakin haihuwa, wata a-kori-kura za ta sauka.

Sai ga ni a ƙarƙashin wata ƙatuwar bishiya. Sababbin motoci ne ke reto a rassanta, wasu sun nuna, wasu ɗanyu. Ɗanjummai yana can sama da babbar riga, yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen kankana. Ya tsinko wata ruwan toka, ta faɗo gabana ba ko tim.

"Ka ji?" ya ce.

"Ban ji komai ba."

"To shi ake saya."

Na zaga ta. Kyakkyawa ce, ba zan ɓoye ba. Na ce, "To ta yaya Inna za ta san na iso?"

"Ga hon."

"Hon kowa ke da shi. Mai burodi ma da shi yake shiga garin."

"Ga waya."

"Wayarta na ƙarƙashin katifa. Ta ce ba ta magana da mutumin da ba ta ji takunsa ba."

"To dole sai ta sani? Ka dai isa. Ba isa kake so ba?"

Nan ya kama ni. Isa nake so. Na kwance majanyin, na kwantar da Mai Tari a gindin bishiyar, na ce mata gwaji kawai zan yi. Bayana ya yi sakayau, kuma wallahi na ji daɗin hakan.

Sabuwar motar sauti take ci a maimakon fetur. Ina shiga na yi bisimilla, ban ji muryata ba. Na yi gyaran murya, shi ma ta haɗiye. Ba ni na yi tafiyar ba, hanyar ce ta naɗo kanta kamar tabarma ta kawo mini Unguwar Tofa har gaban gilashi. Muka wuce kwalbati, kare yana kwance a tsakiyar hanya, ko kunne bai motsa ba. Na faka a ƙofar gida. Na yi sallama a zaure, sallamar ba ta fito ba, motar ta riga ta cinye mini ita.

Na shiga tsakar gida.

Wata tsohuwa na gani zaune a ƙasa a bakin ƙofar ɗaki, ba tabarma. Kanta ba ɗankwali, gashin fari fat, ya zube ta gefe ɗaya. Bayanta ya tanƙware har haɓarta na neman gwiwa. Ta juya kunnenta wajen hanya, bakinta a ɗan buɗe. Ƙwaryar fura na gabanta, curin bai fashe ba. Hannunta ɗaya na lalube a ƙasa yana rawa, yana neman ludayi, ludayin kuwa yana can nesa da inda take nema. Ta gaji ta bari. Ta sa bakin zani ta share ido.

Sai da na ga tabon ƙuna a bayan hannunta, wanda ta samu tana cire ni daga murhu ina yaro, sannan na yarda Inna ce.

Ban taɓa ganin ta haka ba. Ni Innar da na sani ita ce mai zama a miƙe, mai cewa na yi ƙiba kamar ba malamin makaranta ba, mai tambaya ko har yanzu Hansai na cika gishiri. Na tsaya a tsakar gidan da aka haife ni kamar ɓarawo. Kunya ta kama ni, na kuma ji tsoron kada ta gane ina nan.

Can nesa, wajen kwalbati, aka yi tari. Aka yi kaki.

Inna ta zabura.

"Tashi, Tabawa," ta ce wa kanta a hankali. "Tashi, ga yaron nan. Kada ya same ki haka."

Ta dafa bango ta miƙe, sai da ta yi salati kafin ƙugun ya yarda. Ta lalubo ɗankwali a kan ƙusa ta ɗaura, ta tura gashin ciki. Ta jawo tabarma ta shimfiɗa. Ta ciro tandun kwalli daga ƙugu ta zizara a idanun da ba sa ganin komai. Ta yi rarrafe ta samo ludayin. Ta fasa curin, ta zuba nono, ta hau damu, hannun da ke rawa ɗazu ya tsaya cak. Sannan ta miƙar da baya, ta gwada dariya. Ta farkon ba ta fito da kyau ba. Ta sake gwadawa, ta biyun ta fito, ita ce wadda na sani tun ina yaro.

Duk wannan aikin tsakanin kwalbati da ƙofar gida take yin sa. Duk Juma'a.

Na ja da baya a kan yatsun ƙafa, na fita. Ban ko kalli sabuwar motar ba. Na zuba da gudu, ruwa na tasowa daga ƙasa yana shiga mini hanci.

A kan kwalbati na same ta. Mai Tari ce, ta biyo ni da jan ciki, majanyin na jan ƙasa a bayanta. Nan ƙarfinta ya ƙare. Awakin ofis sun kewaye ta da cokula, wata har ta fara da madubi. Bunsurun yana tsaye a kan boneti yana duba rana.

"La'asar ta yi," ya ce. "Gyara ko canji?"

"Gyara."

"Duka?"

"Inji kawai. Salansa a bar ta yadda take."

Ya sauke tabarau. "Babu wannan a tsarinmu. Ko a gyara duka, ko a canza duka."

"To yau an sa shi."

"Mutum ya gyara zuciya ya bar tari?"

"Tarin ba naku ba ne, ranka ya daɗe. Sauka daga kan motar ubana."

Ya dube ni, na dube shi. Na ƙwace cokalin akuyar da ke kusa da ni na jefa sama, ruwa ya tafi da shi. Bunsurun ya sauko. Ya cire hula ya ajiye a kan kwalbati, ya zaga baya, ya kafa ƙahonsa a but.

"Sa ta a giya ta biyu," ya ce. "Ma'aikata, a tura."

Na shiga na taka kuloci. Awaki suka tura, Ilu ya fito daga cikin dawa da farar rigarsa ya sa kafaɗa, dattijon nan mai tirela ya ajiye goyonsa ya kama. Na saki kuloci. Ta yi tari ta mutu. Na ce a sake. Ta yi kaki ta mutu. Na ce a sake, ko za mu kwana nan sai na shiga gidan nan da ƙara. Ina hango ƙofar zaure, na san fura ta damu, na san tana zaune a miƙe, kuma bayan nan nata ba zai daɗe a miƙe ba. Na daki sitiyari na ce, "Haba Mai Tari, saura kaɗan!" Injin ya kama, ya fara bugawa, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya waye. Ɗanjummai ne ke buga ƙofar gida da makulli, na ji shi yana ce wa wani ya kawo igiyar ja.

Na leƙa ta taga na ce masa ya yi haƙuri, ba ta sayarwa ba ce. In ya bi ta gareji ya ce wa Ilu ya zo ya sauke injin yau, ina son ta kafin Juma'a. Amma in ya taɓa salansar nan, ni da shi ne.

Hansai ta ɗago daga kan sallaya. "Wato haka za ka ci gaba da tada unguwa?"

"Ba da unguwa take ba," na ce. "Inna take ba lokacin ɗaura ɗankwali."