Fuskar Wilber a Kan Leda

Ni aikina injin bugawa ne, babban nan mai fitar da ledar talla. Abin da ka ba shi, shi yake amayo maka. Ba ya ƙarya, ba ya jin tausayi.

Ranar Talata Doña Hermelinda, mai sayar da cuku a bakin kasuwar garinmu Juliaca, ta shigo shagonmu cikin baƙaƙen kaya. Ramin zinariya ne ya rufta da ɗanta Wilber bara, ba a ciro shi ba. Asabar za a yi addu'ar cika shekara, kuma a danginsu ba a tuɓe baƙi sai hoton mamaci na rataye yana kallon jama'a. Babba take so, tsayin mutum.

Ta miƙa wa Yésica, mai zanenmu, wayarta.

"Mamita, wannan JPG ne, kuma ya sha yawo," in ji Yésica, don haka muke kiran iyaye mata a nan. "Ina na ainihin?"

"Yana wayarsa."

"Wayar fa?"

"Tana aljihunsa."



Irin wannan hoto don kallo a waya aka yi shi. Duk sanda aka tura, sai an matse shi an rage masa nama. Wilber ya tura wa budurwarsa, ita ta tura wa ƙanwarsa, kafin ya iso hannun uwarsa ya gama ramewa. Injina kuwa mai nauyi yake ci, TIFF ko PDF. Da Yésica ta faɗaɗa shi a kwamfuta, fuskar ta tarwatse ta koma bulo-bulo.

"Jini kike nema a jikin fara," na ce.

"Maestro Teófilo, rufe mana baki. Kai da injinka halinku ɗaya."

Ta sa wata manhaja da ke cike gurbin abin da ya ɓace. Kafin azahar ga saurayi sumul, fata kamar an shafa mai. Na buga, muka shimfiɗa a tebur.

Tsohuwar ta daɗe tana dubawa.

"Wane ne wannan?"

"Wilber ne, mamita."

"Wilber ɗina haƙorinsa na gaba a karye yake. Wannan ɗan wata mata ne. Ku mayar wa uwarsa."

Na nannaɗe shi na jingine bayan ƙofa. Yana nan har yau, na kasa yankawa. Ban san fuskar wa aka aro ba, kuma ba na son juya masa baya.

"Buga mini na wayar yadda yake," tsohuwar ta ce da ni.

"Doña, dabbare-dabbare zai fito."

"Ɗanka ne ko nawa? Buga."

Na buga. Ya fito kamar tabon ruwa a bango. Ta shafa inda ya kamata ido ya kasance, ta shafa wajen baki, ta janye hannunta. Ta gyara hularta ta fita, ba ko sallama.

Na rataye ledar a ƙofar shago don warin tawada ya fita. Ita kuwa ta riga ta tsallaka titi. Wani mai keke ya yi mata hon, ta waiwayo, sai ta sandare.

Na tsallaka na tsaya gefenta. Daga can bulullukan sun haɗe. Ga shi nan yana dariya, har da karyayyen haƙorin.

"Wilber," ta ce, ta nufe shi.

Tana kaiwa tsakiyar titi ya narke. Ta ja da baya, ya dawo. Ta sake gwadawa, motoci na zaginta, sai da na riƙo hannunta.

Ranar Asabar na je na rataye wannan hoton a bangon ƙarshe na tsakar gidanta. Jama'a suka cika gabansa da kyandir da furanni da kwanukan gasasshen naman rago. Ita ta ɗauki kujerarta ta kai can bakin ƙofar gida, inda sanyi ke shigowa. A nan ta tuɓe baƙin mayafin. Duk wanda ya ce ta matso kusa da ɗanta, sai ta ce masa ya kauce, yana tare mata shi.